Huda Uku a Wuyan Fata

Tun ranar da proje, shirin nan na koyar da sana'a, ya turo ku shagonmu ku koyi jima, tambaya ɗaya kuke yi mini: me ya sa muka rataye fatu biyu a bakin ƙofa, ɗaya lafiyayya, ɗaya kuwa ta tsattsage kamar ƙasan tabki a bazara? Na ce ku bari sai hancinku ya saba da wari tukuna. Jiya kuma na ji ɗayanku, mai farar hula, yana ce wa abokinsa, "Wai mene ne a ciki? A jiƙa, a shanya, a tura wa Turawa." Ba a san ni da faɗa ba, sai na wuce. Amma na isa gida maganar tana cina, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan. Ku karanta, sannan ku sake faɗin maganar nan in kuna iyawa.

Sunana Mariyama. Mahaifina Malam Isuhu majemi ne, ɗan majemi, kuma Uwata yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na shiga jami'a ina karatun Ingilishi. Sai idon Baba ya fara dishi-dishi, ƴan'uwana maza kuwa duk sun bi hanyar arewa neman abinci. Na dawo da niyyar in zame masa ido na ɗan lokaci. Ga ni har yau.

Aikin da ya fara ba ni shi ne sayen ɗanyar fata a kasuwar garin Dogo. Kuna tsammani fata fata ce. Za ka ɗaga ta sama, ka sa ta tsakaninka da rana, duk rayuwar akuyar ta bayyana. Ga inda ƙaya ta karce ta a dajin Guna, ga inda kaska ta sha, ga inda mai ita ya ɗaure ta da igiya har wuya ya yi kanta. Waɗannan ba laifin kowa ba ne. Laifin da ba na yafewa shi ne na wuƙa. Mahauci na gari ɗan tsaga yake yi a ƙafar baya, ya sa baki ya hura har akuyar ta kumbura, sannan ya raba fata da nama da dunƙulen hannu, kamar mai tuɓe wa yaro riga. Mai gaggawa kuwa wuƙa yake bi da ita, ya bar zane-zanen da ba a gani sai an gama jima, lokacin da wahala ta riga ta shiga ciki. Akwai wani mahauci, Ɗan Ladi, da ya ga ina ta juya fatarsa, ya ce, "Ƴar lakwal, me kike nema a ciki, rubutu?"

Na ce, "Rubutun wuƙarka nake karantawa, Baba, kuma da a lakwal ne da mushe, malaminmu, ya kore ka."

Ƴan rumfa suka yi ta dariya. Tun daga ranar yake ware mini waɗanda ya fiɗe da hannu, kuma har yau in ya hango ni sai ya ce, "Ga mushe nan tafe, a ɓoye wuƙaƙe."

Sannan ka tambaya inda aka shanya ta. Fatar da aka shimfiɗa a ƙasa cikin tsakar rana ta dahu tun kafin ta zo hannunka, ko da idonka bai nuna maka ba. A inuwa ake shanya, a rataye, iska na ratsawa. In mai kaya ya rantse maka a inuwa ya shanya, ka shinshina. Hanci ba ya jin rantsuwa.

Aiki na biyu shi ne wanda ya sa nake rubutun nan, don haka ku natsu. A majemarmu ramukan jiƙo na kowa ne. Gida biyar, gida shida, kowa ya zuba nasa cikin rami ɗaya, domin ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne, kun san yadda ake jiran ƴan garuwa. To don kada kaya su cakuɗe, kowane gida yana da alamarsa da yake yi tun fata tana ɗanya, kafin ta taɓa toka. Wasu tsaga suke yi a ƙafar gaba. Wasu huda ɗaya a gindin wutsiya. Mu huda uku ce a wuya, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu. Kakana ne ya zaɓe ta. Da basilla ake yi, kuma ba a yi ta don ado ko don Bature ba. An yi ta ne don kada a yi rigima a bakin rami.

Daga nan fata ta shiga ruwan toka har gashi ya saki. A kife ta bisa gungume, a kama kartaji hannu biyu, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da kuka ce ya yi kama da kahon sa, a kankare gashi da sauran nama. In ka danna da yawa ka kashe fuskar fata, in ka ji tsoro ka bar ƙazanta. A wanke. A sa ta cikin ruwan kashin tattabara ta yi laushi, wurin da biyu daga cikinku suka gudu suna toshe hanci. A sake wankewa. Sai bagaruwa, wadda muke dakawa da kanmu, mu tankaɗe ƴaƴan, mu jiƙa a kwatarniya. Nan fata take kwana tana tashi, ana murza ta, ana juya ta, ana canza mata ruwa, har bagaruwa ta ratsa ta ciki da waje. Kuna tambayata kwana nawa. Ban sani ba. Ya danganta da sanyi, da akuyar, da bishiyar da aka karkaɗo. Baba ɗan yanki yake tsinka ya sa a haƙori. Bayan haka a shafa man gyaɗa, a ja, a miƙe, sannan rini: karan dafi da kanwa da ɗan tsami. In an dace, jan da ke fitowa irin na sararin yamma ne a ƙarshen damina, mai zurfi, ba mai ihu ba. Na sha tsayawa da fata a hannu na manta da kaina, sai Baba ya ce, "Uwata, ba a biya mu kuɗin kallo ba."

Duk wannan jan da murzar da fata ke sha, hudojin nan uku suna sha tare da ita. Suna miƙewa su yi tsawo kamar ƙwallon dabino, bakinsu ya yi kauri, ya yi duhu, ya yi laushi kamar leɓe. Ku riƙe wannan.

Yanzu ina fatar take zuwa? Mafi kyawunta Ingila. Can suna da tsofaffin littattafai a coci-coci da gidajen manyansu na da, waɗanda suke tattali kamar ransu, har baƙi na zuwa daga nesa su kalla. In bangon littafi ya mutu, akwai masu sana'ar yi masa sabuwar riga, kuma fatar jan akuyar ƙasarmu suke so, wadda aka jeme da bagaruwa, domin tana yarda a fere ta ta yi siriri kamar ɓawon albasa ba ta yage ba, kuma tana daɗewa. Wannan ciniki ya girmi kakan kakana. A da raƙuma ne ke tsallake hamada da ita, sai Turawa suka sa mata sunan Maroko, don can suka fara ganinta. Da hanyar ta juya kudu, ta bi Kano ta bi Ikko ta shiga jirgin ruwa, sai ta zama fatar Nijeriya. Ba ni da ƙiyayya da kowa. Rabin danginmu suna tsallaken iyaka, can inda tsofaffinmu har yanzu suke kira ƙasar Ingilishi. Da su muke aure, da su muke makoki. Amma ku gaya mini, akuyar Dogo, bagaruwar Guna, ruwan da muka saya garwa-garwa, hannun ubana da toka ta cinye, a ce duk wannan ya isa Ingila babu ko harafi ɗaya na Damagaram a jikinsa? Ko awo ba namu ba ne. A lakwal mita aka koya mini, amma ranar da na fara haɗa kaya sai da na koyi ƙafa da inci, domin haka mai saye yake awo, haka Kano take awo, kai kuma da ka yi aikin sai ka bi.

Mutuminmu a Kano Alhaji Sabo ne. Ubansa ya yi ciniki da kakana, shi ya yi da Baba, kuma ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba. A ɗakin ajiyarsa ake datse gefen fatu, a auna, a buga hatimi, a ɗaure. Wuya yana cikin abin da ake datsewa, don haka alamarmu a Kano take mutuwa, cikin shara. Sai wata shekara aka yi gaggawar cika jirgi, ƙunshi guda ya tafi ba a datse ba. Bayan wasu watanni Alhaji ya kira Baba yana dariya.

"Isuhu, ka yi farin jini a Ingila. Akwai wata Baturiya mai gyaran littattafai, ta ce daga yau kada a aika mata komai sai mai huda uku. Ta ce a daina yankewa."

Baba ya ce, "Huda uku? Ta gani?"

"Ta gani, har ta gaya wa ƴan'uwanta masu sana'ar. Me ka sa a ciki ne, asiri?"

"Kashin tattabara, Alhaji."

Ranar Baba ya sa aka sayo tsire aka raba wa duk majema. Ya sa wa matar suna Hajiyar Littafi. Bai san sunanta ba, ba ta san nasa ba, amma in ya ɗaga fata mai kyau sai ya ce, "Wannan ta Hajiya ce," ya ajiye ta gefe. Shekarun nan su ne masu daɗi. Na ga mutum wanda ya yi rayuwarsa duka cikin wari, yara na toshe hanci in ya wuce, ya fara tafiya kafaɗarsa a miƙe don wata tsohuwa a ƙasar ruwan sama ta lura da ramuka uku.

Sai Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki, ɗansa Nura ya karɓi ciniki. Ba a daɗe ba aka rufe iyaka. Kun san shekarar, kuna nan. Ƙunshinmu na ƙarshe ya tsallaka ana saura kaɗan a rufe. Wanda muka haɗa bayansa ya kai har bakin duwan, wato kwastan, kamyon da ya ɗauko kayan ya yi ta zama a rana, a ƙarshe sofer, direban, ya juyo da shi. Muka jera fatun a ɗaki bisa katako. Aikina a watannin nan shi ne juya su. Kowace safiya in sauke, in kakkaɓe, in duba gara da ƙwaro, in sa ganyen bedi, wato darbejiya, a tsakani, in mayar da ta ƙasa sama. Kuran, wutar lantarki, ya zama baƙo, kaya suka yi tsada, majemai da yawa suka koma yin takalma don kasuwar gida. Mun jure wannan. Yunwa ba sabuwa ba ce a sana'a.

Abin da ba mu jure ba ta waya ya zo. Ina zaune kusa da Baba ina tsince bagaruwa, Nura ya kira, na sa wayar a fili don Baba ya ji sosai.

"Baba, sai haƙuri fa. Kayan nan na ƙarshe sun ba mu kunya."

"Wane kaya, Nura?"

"Naku, masu huda uku. Baturiya ta shafa ƙullu ta manna a littafi, rini ya zuba ya shiga cikin takardu. Wai littafin addu'o'in wani ƙauye ne, rubutun hannu, babu irinsa. Fatar kuma ta karye a gaɓa. Ta ce kada ta sake ganin huda uku, kuma ta sanar da sauran."

Baba ya ce, "Littafin addu'ar mutane?"

"Wallahi. Ni dai shawarata, Baba, a huta haka nan. Shekaru sun ja, ga kuma ido."

Da aka kashe waya Baba ya daɗe yana murza tafin hannunsa. Ya ce, "Uwata, rinin nan na ƙarshe ni na haɗa?"

"Kai ne, Baba. Ina tsaye."

"Kin ga kanwar da na sa?"

"Na gani. Daidai take."

"Ke ƴata ce. Haka za ki ce."

Washegari bai je majema ba. Ranar da ta biyo baya ma haka. Ya naɗe kartajinsa a tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Mutumin da bai taɓa zama a ƙofar gida da hantsi ba ya koma zama a kan dakali, yana sauraron takun majemai suna wucewa, in sun gaishe shi ya amsa ƙasa-ƙasa. Na kawo masa fatu daga ɗaki, na jiƙa tsumma na goga a gabansa, na ce ga shi ko ɗigo bai fita ba. Ya ce ai ba ya gani, kuma wannan ƙunshi daban, wancan daban. Ya yarda hannunsa ya mutu, kuma ya yarda ya ɓata littafin da mutane ke roƙon Allah da shi. Babu maganar da ta shiga.

Da aka buɗe iyaka ya kira ni. "Ki kai kayan nan Kano, ko masu takalma su saya. Amma kafin ki tafi, ki ɗauki wuƙa ki yanke wuyan duka. Kada sunan ubana ya sake ba wani kunya."

Na ɗauki wuƙar na shiga ɗaki. Na ɗaga ta farko, haske ya ratso ta ramukan nan uku ya sauka a zanena. Na mayar da wuƙar kube. Na fito na ce masa, "Baba, ban yanke ba. In Kano suna so, su yanke da hannunsu kamar da." Washegari na ɗaure kayan na kama hanyar Kano.

Na isa ɗakin ajiyar da hantsi. Tun daga waje nake jin ƙara, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a tsaya, sannan a sake. A tsakar wurin wani dattijon ma'aikaci yana zaune gaban tarin fatu masu jan da ke kashe ido, ja irin na robar bokiti. Ƙusa a hannu ɗaya, guduma a ɗaya. Ya jawo fata, ya buga uku a wuya, biyu a ƙasa ɗaya a sama, ya jefa gefe, ya jawo wata.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba. Me ake yi?"

"Yauwa, Hajiya. Alamar Damagaram ce. Ita ke tafiya yanzu, masu jaka na Ikko ba sa son komai sai ita."

"Tun yaushe ake yi?"

"Tun da aka rufe boda, ai. Na Bature ma haka muka yi masa."

Na ɗauki ɗaya. Wari irin na magani, ba na bagaruwa ba. Ramukan a zagaye suke kamar idon kifi, bakinsu fari, mai kaifi. Na lasa yatsa na goga, yatsana ya yi ja.

Nura ya fito daga ofis yana gyara agogo. Kun san wasan da ke tsakaninmu da Kanawa, da shi ya tare ni. "A'a, Badamagariya! Yaushe aka sako ku daga cikin duwatsu? An kawo wa iyayen gida gaisuwa ke nan?"

"Yau ba wasa ya kawo ni ba, Yaya Nura. Mene ne wannan?"

Ya dubi fatar, ya dube ni. "Huda ce."

"Ta wa?"

"Haba, Mariyama. Rami uku ne fa. Wa ya mallaki rami? Akwai takardar da ta ce na gidanku ne? Boda a rufe, Baturiya tana ta kira, ma'aikata suna jiran abinci. In ce mata me? In ce ta jira sai manya sun shirya?"

"Da ka ce mata babu."

"Ba a cewa babu a kasuwa. Ke ƴar makaranta ce, ba za ki gane ba."

"To na ji, ka cuce ta, ka cuce mu. Me ya sa ka ce wa Baba nasa ne suka zuba?"

Nan ya kau da kai. Ya ce, "Tsoho ne. Dama hutu ya kamace shi."

Ban san ina da irin muryar da ta fito daga bakina ba. Na ce masa ubana yana zaune a kan dakali kamar wanda aka yi wa mutuwa. Na ce ka ɗauki abin da kakana ya yi da basilla cikin jini da ruwa, ka ba ƙusa. Na ce ko ɓarawon akuya yana barin igiya. Ma'aikata suka daina aiki. Na ɗauki fatarsa ɗaya, na zaro tamu ɗaya, na fita, ban tsaya ba sai zauren Alhaji Sabo.

Yana kwance a kan katifa, baki ya karkace, amma hankali garau. "Ƴar Isuhu," ya ce da ƙyar. "Lafiya?" Na ɗora fatun biyu a ƙirjinsa, na kama hannunsa mai lafiya na kai shi wuyan kowace. Ya shafa, ya sake shafawa. Ya rufe ido. Sannan ya ce a kira Nura, kuma da ya zo bai dube shi ba, ya ce, "Kira ta. Yanzu. Ka ba yarinyar nan wayar."

Haka na fara ganin Hajiyar Littafi, a cikin waya mai hoto. Tsohuwa ce siririya, tabarau rataye a wuya da zare, ruwa na bin tagar da ke bayanta. Ingilishina na littafi ne, ya fito a sandare, amma ya fito. Na matso da ramukanmu kusa da wayar, na matso da na ƙusa. Na gaya mata yadda ake hudawa tun fata na ɗanya, da dalili. Ta tashi ta kawo ragowar fatar da ta ɓata mata aiki, da wani tsohon guntu daga kayan shekarun baya, ta sa gilashin ƙara girma ta duba wannan ta duba wancan. Sai ta rufe baki da hannu.

Ta ba da haƙuri har sau nawa. Sannan ta tambayi abin da ba wanda ya taɓa tambaya tun zamanin raƙuma: "Majemin, yaya sunansa?" Na faɗa. Ta maimaita a karkace, na gyara mata, ta sake. Na ce muna Zinder, wato Damagaram. Ta ce wace unguwa ce Zinder a cikin Kano? Na ce ba unguwa ba ce, ba ma ƙasar ba ce. Na ce birni ne mai sarauta da ganuwa da duwatsu, kuma shekara da shekaru tana shafa shi da hannunta ba ta sani ba. Ta ɗauko wani littafi mai jan bango da ya tsufa har ya yi duhu kamar dabino, ta ce wa ya sani, wataƙila wannan ma daga wajenku ya zo. Na kalle shi, ya yi kyau ƙwarai, kuma raina ya ƙara ɓaci, domin an datse wuyan tun kafin a haifi kowa a cikinmu.

Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Ta karɓi ƙunshinmu, ta ce za ta gaya wa sauran gaskiyar magana. Wasu sun dawo, da yawa sun riga sun koma wani wuri. Littafin ƙauyen nan yana nan da jan tabo a takardunsa. Kayanmu har yau ta Kano suke bi, hatimin wata ƙasa a kansu, sai dai yanzu wani ƙanen Alhaji ne ke karɓa. Kuma in kuka shiga kasuwa can za ku ga huda uku a kan fatun da ba su taɓa jin ƙanshin bagaruwa ba. Ƙusa ba ta gajiya.

Na dawo gida da fatar Nura a jakata. Baba yana kan dakali. Ban gaya masa komai ba, na dai sa masa ita a cinya. Ya shinshina, ya yamutsa fuska. Yatsunsa suka bi gefe har wuya, suka tsaya. Ya sa ɗan yatsa a rami na farko, na biyu, na uku. Ya kai bakin ramin leɓensa.

"Wannan a bushe aka huda ta," ya ce. "Wa ya yi wannan ƙazantar?"

Sai na ba shi labari duka. Ya saurara har ƙarshe, fatar na cinyarsa. Can ya buɗe tafin hannunsa biyu a gaban fuskarsa, kamar mai iya ganinsu.

"Ashe ba ku ba ne," ya ce wa hannayen.

Maƙwabta majemai suka taru da yamma. Wani ya ce a mayar da huda huɗu. Wani ya ce a sassaƙa hatimin ƙarfe irin na zamani. Baba ya ce, "In bar murhun ubana don ɓarawo ya ɗora tukunya a kai? Shi zai gaji, ba ni ba. Uwata, jawo mini tsumman nan na ƙarƙashin gado. Wannan abar kuma ki rataye ta a ƙofar shago, ki rataye tamu kusa da ita. Rana da iska su yi shari'a."

Su ne kuke gani. Rana ɗaya aka rataye su, ƙusa ɗaya, damina ɗaya ta dake su.

Idon Baba ya tafi gaba ɗaya yanzu. Kartaji ya dawo hannuna, rini ma ni ke haɗawa, shi yana ɗanɗanawa. Amma huda ba ya bar wa kowa. Ranar da kayan Dogo suka iso, za ku tarar da shi tun da sassafe a bakin rami, basilla a hannu, ɗanyun fatu a gabansa suna ɗiga. Aikinku na farko shi ne ku riƙe masa wuyan fata ya huda. Za ta yi santsi, za ta yi wari, ƙudaje za su sauka a fuskarku, kuma ba za ku saki ba sai ya ce a saki.

Kafin nan, mai farar hula, in ka zo gobe ka tsaya a ƙofa. Ka sa yatsanka a ramukan wadda ta tsattsage, sannan ka sa a na ɗayar. In ka ji bambanci, shigo. In ba ka ji ba, ka koma ka gaya wa proje a nema maka guduma da ƙusa.